Nawa ne kuɗin dogo? Zare kan tarihin senta a NBA, daga Kano da Zariya zuwa Amurka

1/ A watan Yunin 1994 abubuwa biyu sun faru a ƙwallon kwandon Amurka, mako ɗaya tsakaninsu. Ranar 22 ga wata Hakeem Olajuwon ɗan Legas ya ɗauki kofin NBA. Ranar 29 aka zaɓi Yinka Dare, haifaffen Kano, ya shiga gasar. Dukansu ƙafa 7 ne, dukansu senta. Ɗaya ya shiga tarihi, ɗayan kuma bayan shekara huɗu aka sallame shi. Ku biyo ni mu ga dalili 🧵

2/ Ga waɗanda ƙwallon ƙafa kawai suke kallo: a ƙwallon kwando mutum biyar ne a kowane gefe. Senta, wato lamba 5, shi ne yawanci mafi tsawo. Gindin kwando ne gidansa. Shi ke doke ƙwallon abokan hamayya kafin ta shiga, shi ke cafe wadda ta bugi ƙarfe ta dawo, shi ke cin maki daga kusa. Ku ɗauka gola ne da lamba 9 a jikin mutum ɗaya.

3/ Sai yadda ake samun ɗan wasa. A NBA ba a zuwa a sayi yaro yadda Madrid ke yi. Duk shekara ana zaɓen sabbin 'yan wasa, ana ce masa diraf, kuma ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ke fara zaɓe. Akwai kuma iyakar kuɗin albashi. Saboda haka in kana so ka san darajar senta a wani zamani, duba abu biyu: a lamba ta nawa aka zaɓe shi, kuma nawa aka biya shi.

4/ Tun farko dogo ne sarki. George Mikan ya ci wa Minneapolis Lakers kofi 5 tsakanin 1949 da 1954. Ya addabi kowa har sai da aka canza doka saboda shi: a 1951 aka faɗaɗa filin da ke gaban kwando daga ƙafa 6 zuwa 12, don a tura shi baya. A 1964 aka ƙara zuwa 16 saboda Wilt Chamberlain, mutumin da ya ci maki 100 shi kaɗai a wasa ɗaya a 1962.

5/ A 1956 Boston Celtics ta ba da 'yan wasa biyu, Ed Macauley da Cliff Hagan, don kawai ta samu damar ɗaukar Bill Russell. Russell bai yi fice a cin maki kamar Wilt ba, aikinsa tsare kwando. Sakamako? Kofi 11 a shekara 13. Daga nan masu ƙungiyoyi suka haddace darasi ɗaya: in kana son kofi, fara neman dogo tukuna.

6/ Ga wani lissafi da zai ba ku mamaki. Daga 1965 zuwa 1980, shekara 16 a jere, duk wanda ya ci MVP, wato gwarzon shekara, senta ne. Russell, Wilt, Unseld, Reed, Kareem, Cowens, McAdoo, Walton, Moses Malone. Ko sau ɗaya wani bai kutsa ba. Kareem Abdul-Jabbar kuwa Milwaukee ta ɗauke shi a 1969, zuwa 1971 har ta ci kofi.

7/ Dalilin bai da wuyar ganewa. Kafin 1979 babu jifa mai maki uku a NBA. Ka jefa daga nesa maki biyu, ka jefa daga gindin kwando maki biyu. To wa zai wahalar da kansa? Wanda ya fi kusa da kwando shi ya fi amfani. Ga shi kuma mai ƙafa 7 ba a samunsa a kowane lungu. Abu mai amfani, ga ƙaranci: farashi dole ya hau.

8/ Nan Hakeem ya shigo, kuma labarinsa ya biyo ta Arewa. Yaro ne ɗan makarantar horar da malamai ta Musulmi a Legas, gola ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. A 1978 makarantarsu ta zo gasar wasannin makarantun malamai a Sakkwato. A can aka roƙi koci ya bar shi ya buga wa 'yan ƙwallon kwando. Ku riƙe batun golan nan, za mu dawo kansa.

9/ Diraf na 1984. Houston ce ta farko, ta ɗauki Hakeem. Portland ta biyu, ta ɗauki wani senta, Sam Bowie. Na uku da ya rage wa Chicago shi ne Michael Jordan. Eh, Jordan ɗin da kuka sani. Ƙungiyoyi biyu sun gan shi sun wuce, don a tunanin lokacin ba a barin dogo a ɗauki gajere.

10/ Har yau ba a cika zagin Houston kan wannan zaɓi ba, domin Hakeem ya biya bashi. Kofi biyu, 1994 da 1995. A 1994 ya haɗa gwarzon shekara, gwarzon tsaro da gwarzon wasan ƙarshe a kaka ɗaya. Ya doke ƙwallo sau 3,830, babu wanda ya kai haka a kundin NBA. A Fabrairun 1995 yana azumin Ramadan aka ba shi gwarzon wata.

11/ Portland kuwa ta sha zagi har ta gode Allah. Bowie ya iya wasa, amma karayar ƙafa ta cinye masa shekarunsa. Wannan shi ne haɗarin da ke cikin sayen dogo: jiki mai nauyin nan ƙafa da gwiwa ne ke ɗauke da shi, kuma su ke fara gajiya. Duk da haka kasuwa ba ta ji tsoro ba.

12/ Ku duba. 1985 New York ta ɗauki Patrick Ewing a farko. 1987 San Antonio ta ɗauki David Robinson alhali ta san sai ya yi shekara biyu a sojan ruwa kafin ya zo, ta ce ta ji ta gani za ta jira. 1992 Orlando ta ɗauki Shaquille O'Neal. A 1996 Lakers ta janye shi da kwantiragin kusan dala miliyan 120 na shekara bakwai.

13/ To a cikin wannan zazzaɓin ne kowa ya shiga neman "Hakeem na gaba" a Najeriya. A 1991 wani lauya ɗan Najeriya mazaunin Amurka ya hango Yinka Dare a Legas. Tsawonsa ne ya ja hankalinsa. Yaron da aka haifa a Kano a 1972 sai ga shi a Amurka, kusan bai san wasan ba sai a lokacin.

14/ A jami'ar George Washington ya yi abin a yaba. Shekararsa ta farko, 1993, ya taimaka suka kai zagayen ƙungiyoyi 16 na ƙarshe a gasar jami'o'in Amurka. Bayan shekara biyu kacal ya bar makaranta ya shiga diraf. New Jersey Nets ta ɗauke shi a lamba 14, ta ba shi kwantiragin shekara shida na kimanin dala miliyan 9.

15/ Abin da ya biyo baya akwai ban tausayi. Kakarsa ta farko wasa ɗaya ya buga, minti uku, sai raunin gwiwa. A kaka ta biyu ya buga wasa 58 bai ba da fasin da aka ci da shi ba ko ɗaya. Gaba ɗaya zamansa a NBA: wasa 110, fasin ci guda 4. A 1998 aka miƙa shi ga Orlando, su kuma suka sallame shi.

16/ 'Yan jaridar Amurka sun mai da shi abin dariya, amma ni ban ga abin dariya ba. Yaro ya fara wasa yana dab da shekara 20, bayan shekara uku an jefa shi cikin gasa mafi zafi a duniya. Tsawo suka saya, suna fatan sauran zai zo daga baya. Da bai zo ba, suka ɗora masa laifin cinikinsu. Ya rasu a 2004 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 31.

17/ Ku tuna golan nan na Legas. Hakeem ya zo da ƙafar da ta saba da tsalle da juyi, da hannun da ya saba da ƙwallo tun yana ƙarami. Salon yaudararsa a gindin kwando daga nan ya samo asali, shi da kansa ya sha faɗa. Har Kobe Bryant da LeBron James sai da suka je wurinsa koyon taka ƙafa. Masu neman "Hakeem na gaba" tef ɗin awo kawai suka tafi da shi.

18/ Ba Dare kaɗai ba ne. 1998: Clippers ta ɗauki Michael Olowokandi, haifaffen Legas, a lamba 1, ta bar Vince Carter, Dirk Nowitzki da Paul Pierce. 2007: Portland ɗin dai ta ɗauki Greg Oden ta bar Kevin Durant, rauni ya hana shi, wasa 82 kacal ya buga mata. 2009: Memphis ta ɗauki Hasheem Thabeet ɗan Tanzaniya a lamba 2, James Harden da Stephen Curry suna zaune.

19/ Ana cikin haka kiɗa ya canza, kuma in kiɗa ya canza dole rawa ta canza. A 2001 aka halatta tsaron yanki, wato mutum biyu ko uku na iya yi wa dogo rumfa tun kafin ƙwallo ta iso shi. A 2004 aka tsananta hana dafa mai ƙwallo da hannu, sai gajeru masu gudu suka samu hanya. Doka biyu, duk sun rage wa senta kasuwa.

20/ Sai masu lissafi suka shigo ofisoshin ƙungiyoyi. Lissafin ko ɗan aji uku zai yi. Senta ya jefa sau 100 yana juya baya ga kwando, 50 suka shiga: maki 100. Wani ya jefa sau 100 daga layin maki uku, 35 kawai suka shiga: maki 105. Wanda ya fi ɓarar da ƙwallo shi ya fi kawo maki. Daga nan aka fara tambaya: me ya sa muke biyan dogon nan?

21/ A 2012 NBA ta cire gurbin senta daga takardar zaɓen wasan taurari gaba ɗaya. A wasan ƙarshe na 2015 Golden State ta zaunar da dogonta Andrew Bogut a benci, ta sa Draymond Green mai ƙafa 6 da inci 6 a lamba 5, ta ci kofi. Roy Hibbert yana cikin taurari a 2014, zuwa 2017 ya bar gasar. Shekara uku fa.

22/ Mu 'yan yankin Funtua da Malumfashi wannan ba baƙon labari ba ne. Iyayenmu a Dayi sun ga zamanin da auduga ce sarauniya, gidajen gurza na aiki, kowa ita yake shukawa. Da masaƙu suka durƙushe, audugar ba ta canza ba, mai saye ne ya ɓace. Aka koma masara da waken soya. Haka ta faru da dogon da bai iya komai ba sai tsayawa a gindin kwando.

23/ Amma tsohuwar ɗabi'a ba ta mutuwa da wuri. A 2016 kuɗin talabijin ya sa iyakar albashi ta tashi daga dala miliyan 70 zuwa 94 a lokaci guda. Kuɗi ya yi wa ƙungiyoyi yawa, suka ruga sayen dogaye: Mozgov miliyan 64 a Lakers, Joakim Noah miliyan 72 a New York, Bismack Biyombo kusan haka a Orlando. Babu ko ɗaya da ya ƙarasa kwantiraginsa a inda ya sa hannu.

24/ Nan ɗan Zariya zai shigo labarin. Masai Ujiri a Ingila aka haife shi a 1970, amma a Zariya ya tashi. A filayen garin ya koyi ƙwallon kwando, ƙarƙashin koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Bai taɓa bugawa a NBA ba. Ya fara da aikin farautar 'yan wasa wa Orlando ba albashi, ya kai ga riƙe Denver a 2010, sai Toronto a 2013.

25/ Ku kalli yadda ya yi ciniki da dogaye. Yana zuwa Toronto ya sayar da Andrea Bargnani, mai ƙafa 7 da aka ɗauka a lamba 1 a 2006, ga New York. A 2016 Biyombo ɗan wasansa ne, ya ma cafe ƙwallo 26 a wasa ɗaya da Cleveland. Da farashinsa ya yi tashin gwauron zabi, Toronto ba ta bi ba. Aka bar Orlando da kayanta.

26/ Sai Fabrairun 2019. Yana da senta matashi mai cin maki, Jonas Valančiūnas. Ya haɗa shi da 'yan wasa biyu ya ba Memphis, ya karɓo Marc Gasol ɗan Sifaniya mai shekara 34. Mutane da yawa suka ce tsoho ya saya. Amma Gasol ya iya fasi, ya iya jifa daga nesa, ya kuma san inda zai tsaya a tsaro tun kafin ƙwallo ta motsa.

27/ Masai ya san hanyar kofi sai ta bi ta kan Joel Embiid, ƙaton Kamaru na Philadelphia. Gasol ya takura masa a wasanni bakwai ɗin nan, Kawhi Leonard ya ƙarasa aiki da jifar ƙarshe. Watan Yuni Toronto ta ɗauki kofinta na farko, na farko kuma da ya fita daga Amurka. A Nuwamban shekarar suka sake haɗuwa, Embiid ya tashi da maki sifili.

28/ Shi ma Masai ya gwada rayuwa ba senta. Bayan Gasol da Serge Ibaka sun tafi a 2020, ya tara 'yan wasa masu tsawo kusan ɗaya, ƙafa 6 da inci 8 ko 9, irin su Pascal Siakam, OG Anunoby da Precious Achiuwa ɗan Fatakwal. A 2022 Embiid ɗin nan ya fitar da su a zagayen farko. Fabrairun 2023 sai da ya ba da zaɓen zagayen farko na diraf ya dawo da Jakob Poeltl, sentan da shi da kansa ya sayar a 2018.

29/ Houston, gidan Hakeem, ta fi kowa wuce gona da iri. A Fabrairun 2020 ta sayar da sentanta Clint Capela, ta sa P.J. Tucker mai ƙafa 6 da inci 5 a lamba 5. Lakers mai Anthony Davis ta fitar da su da ci 4 da 1. Darasin ya fito fili: za ka iya rage wa dogo albashi, amma ranar da ka haɗu da dogon da ya iya, sai ka nemi naka.

30/ Dogayen da suka tsira su ne suka ƙara sana'a. Brook Lopez a kakarsa takwas ta farko jifa mai maki uku guda 3 kacal ya ci. A kakar 2016 zuwa 2017 ya ci 134. Milwaukee ta same shi a araha a 2018, kusan dala miliyan 3 da ɗoriya, ya zama ginshiƙin tsaronta har ta ci kofi a 2021. Manomi ne da ya ga kasuwa ta juya ya canza iri.

31/ Sai Nikola Jokić ɗan Sabiya. A 2014 Denver ta ɗauke shi a lamba 41, ana tsakiyar tallar abinci a talabijin sunansa ya wuce a ƙasan allo. Ba ya tsalle, ba ya gudu. Amma ya ci MVP a 2021, 2022 da 2024, ya ci kofi a 2023. Embiid ya ci na 2023. Kafin su, rabon senta da wannan kyauta tun Shaq a 2000.

32/ Ga lissafin da ya taƙaita zaren nan. A kakar 2024 zuwa 2025 Jokić yana ba da fasin ci sama da 10 a kowane wasa. Dare ya ba da 4 a shekara huɗu. Gurbi ɗaya, tsawo kusan ɗaya. Tsakanin lambobin nan biyu akwai duk abin da ya canza a shekara 30.

33/ Yau farashi ya sake hawa. 2022 Minnesota ta ba da 'yan wasa biyar da zaɓen zagayen farko guda huɗu don Rudy Gobert. 2023 San Antonio ta ɗauki Victor Wembanyama ɗan Faransa a lamba 1, dogon da ke jan ƙwallo kamar gajere. 2024 Oklahoma City ta biya Isaiah Hartenstein dala miliyan 87 na shekara uku, ta haɗa shi da Chet Holmgren, 2025 ta ci kofi.

34/ Sai dai kasuwar ta rabu gida biyu. A sama akwai 'yan ƙalilan da suka haɗa tsawo da fasi, jifa ko tsaron da ke juya wasa, su ake biya kuɗi na fitar hankali. A ƙasa akwai tarin dogaye masu cafe ƙwallo da yin katanga, ana ɗaukarsu a araha, ana sauya su duk shekara. Tsawo shi ke buɗe maka ƙofa, amma ba shi ke yanka maka albashi ba.

35/ Me ya shafe mu? Kowane gari a nan akwai yaron da ake tsokana da "Dogo", wanda ya fi ƙofar ɗakinsu tsawo. Kullum ana ce masa "kai ai ƙwallon kwando ya kamata ka yi", kamar tsawon kaɗai ya isa. Wannan tunanin 1991 ne. Masu farauta na yau bidiyo suke kallo, suna duba ƙafa, hannu da yadda yaro ke karanta wasa.

36/ Hanya kuma akwai ta. Masai ya kafa Giants of Africa a 2003, ya daɗe yana shirya sansanonin horo a Najeriya, har da na musamman don dogaye. Achiuwa ya bi ta sansaninsu. Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙwallon kwandon Najeriya sau da dama. Zariya ba ta yi mana nisa ba daga Funtua. Abin da muka rasa shi ne fili da koci a matakin sakandare, lokacin da icce ke tanƙwaruwa.

37/ Filin ƙwallon kwando tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa 15. Bai kai kwatan filin ƙwallon ƙafa ba. Siminti, ƙarfe biyu da allo biyu. Duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'ar matasa da kofin gasar unguwa, ku tambaye shi wannan. Ku kuma masu ƙanne dogaye, kar ku hana su ƙwallon ƙafa, ku bar su su yi gola, su koyi fasi. Kuma kar su bar makaranta don wani ya yi musu alkawarin Amurka, domin gwiwa ɗaya ce tsakanin kwantiragi da zaman gida.

38/ Nan zan tsaya. Tambaya gare ku: da ku ne Houston a 1984, kun san duk abin da muka sani yau, Hakeem za ku ɗauka ko Jordan? Ku ajiye amsa a ƙasa, amma da hujja, ban da "kawai". A tura wa Dogon unguwarku ya gani.